Namiji Ba Ya Tuya

Ana dab da sa ranar auren Rauda da Abdulrahim, Tanko ya shigo gidan Alhaji Muhammadu Lawan a unguwar Hausari da ke Potiskum, waya a hannu, fuska kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Bai nemi Alhaji ba, don ya san inda bango ya tsage. Ɗakin Gwaggo Yagana ya nufa, yayar Alhaji, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Rauda. Ita dama tun ba yau ba take cewa ba ta ga abin da za a tsinta a wurin Abdulrahim, ɗan manomin ƙauyen Danchuwa, ba, alhali ga Tanko, ɗan abokin cinikin Alhaji a Kasuwar Shanu, ga mota, ga gida ginanne, ga durƙuso har ƙasa. Ya durƙusa ɗin kuwa. Ya ce wani abu ne ɗan'uwansa ya turo masa daga Indiya, shi bai so ya nuna ba, amma ya ga amana ce. Irin masu cewa ba su so su nuna ba, su ne ke ƙure hasken waya kafin su miƙa.

Rauda na tsakar gida tana kwashe shanya ta ji salatin Gwaggo. Sai kuma ta ji an kira ta da sunanta na yanka, Halimatu Sadiya, wanda ba ya fitowa sai rana ta ɓaci.

Bidiyon bikin Sallah ne na ɗaliban Najeriya a garin da ita da Abdulrahim suka yi karatu. Ta san ranar, ta san farfajiyar. Ga shi nan zaune kan 'yar kujera, ya naɗe hannun riga, tawul a kafaɗa, tanda a gabansa. Yana zuba ƙullu da ludayi, yana juya masa da tsinke cikin saurin da ko matan bakin tasha sai sun tsaya kallo. Ɗalibai sun yi layi da faranti, wani yana kiran mai masa, saura shi, Abdulrahim kuwa yana ta dariya.

A can, babu abin da ta fi so a duniya kamar wannan dariyar. A nan, a ɗakin Gwaggo, a gaban Tanko, kunya ce ta rufe ta tun daga ƙafa har ka.

"Wannan ne masanin magungunan naki?" Gwaggo ta tambaya.

Tanko ya sunkuyar da kai irin na masu ladabi, ya ce shi dai ba zai ce komai ba, amma a wurinsu, can Kano, an san irin mazan da ke toya waina. Bai ƙarasa ba. Gwaggo ta ƙarasa masa, ta kira sunan 'yan daudu ba ko kara. Ta ce namiji yana gashi, wannan kowa ya sani: tsire gashi ne, balangu gashi ne, biredi ma maza ke gasa shi. Ko shayi ya dafa a bakin titi babu mai zunɗe. Amma ya zauna ya buɗe ƙafa gaban tanda yana tuya, wannan kam ba a zuriyarsu ba, muddin tana numfashi.

"Ba ke kika ce wa ubanki gashi yake yi ba?"

Ita ce ta faɗa. Ranar da Alhaji ya tambaye ta ko yaron yana wata sana'a a can ban da karatu, sai da ta auna kalmar a bakinta kafin ta sake ta. Gashi yake yi, Baba, biredi da gurasa da kek. Ba ta yi ƙarya ba, ta dai yanke gaskiyar ne daidai inda za ta shiga gidan.

Sauran gaskiyar ga ta.

Watanninta na farko a kudancin Indiya, abincin makaranta ya ƙi cikinta. Kome yaji, kome ƙamshin da ba ta sani ba. Ta koma shayi da biskit har gyambon ciki ya kwantar da ita, ta rame sai idanu. Ta dafa da kanta kuwa babu hali, don Rauda a makarantar kwana ta girma, koyarwar Gwaggo kuma da baki ce, ba da hannu ba. Kullum zancen ke nan, wai ko ruwan zafi aka ba ta sai ta ƙona.

Abdulrahim yana gabanta a karatu. Ya ji an ce akwai wata 'yar Potiskum ba ta da lafiya, sai ga shi a bakin ƙofar masaukin mata da kula biyu. Ɗaya kunun gyaɗa, ɗaya masa da miyar taushe, wadda ya haɗa da kabewar can da alayyahon can. Ta buɗe kular a ɗaki, ƙamshin ya doke ta, ta zauna tana ci tana kuka.

Daga baya ya ba ta labarin tandar. A wata kasuwa ya gan ta, ta baƙin ƙarfe mai ramuka shida a kewaye da ɗaya a tsakiya, mutanen can suna toya wani abin nasu a ciki. Ya saya, ya kira Innarsa a Danchuwa, ya jingina waya da gwangwanin gishiri tana kallonsa. Inna ba ta haifi mace ba, duk abin da ke hannunta shi ta zuba wa. Daga masa ya wuce tuwo, ya riƙa roƙon masu zuwa daga gida su taho masa da kuka da daddawa, yana ɓoye daddawar cikin leda kan leda don hancin abokin ɗakinsa. Ya samu ƙaramin tanderu na lantarki ya shiga gurasa da biredi. Ranar da Rauda ta gama jarrabawar da ta fi ba ta tsoro, kek ya kawo mata, ya ɗan karkace gefe ɗaya, ta cinye har ɓurɓushi.

Ita kuwa duk abin da ya kawo sai ta juye a farantinta, ta ɗauki hoto ta tura gida. Ran farko Gwaggo ta tambaya, ke kika yi wannan? Rauda ta ce e. Gwaggo ta ce ashe dai za a yi mutum. Wannan ne yabo na farko da ta taɓa samu daga bakin Gwaggo, ta kasa mayar da shi. Ƙaryar ta yi ta girma da kowane hoto, har dangi suka sa mata gwanar Indiya. Da suka gama karatu Abdulrahim ya ba ta tandar, ya ce ta ajiye, in an yi aure zai koya mata. Tun dawowarta take zille wa madafi, yau gajiyar hanya, gobe shinkafar nan ba irin ta can ba ce.

To yanzu ga Gwaggo tana jiran amsa, ga Tanko yana leƙen fuskarta ta ƙasan ido.

"Tandar tawa ce, Gwaggo. Tana cikin akwatina. Ni nake tuyar, ranar na tashi salla ne ya riƙe mini, aka ɗauka."

Maganar ta fita kafin ta yi shawara da zuciyarta. Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce to madalla, abu ya zo da sauƙi. Za ta sa Alhaji ya kira yaron ranar Asabar ya ji daga bakinsa. Ita kuma gwana sai ta fito da tandarta ta toya wa baƙo masa, kowa ya ci ya sa albarka.

*

Bayan la'asar Abdulrahim ya zo a mashin ɗinsa daga kantin maganin da yake aiki. Labari ya riga ya zaga, don tun daga bakin layi samarin majalisa ke kiran mai masa. Shi dariya ma abin ya ba shi. Ya shigo zaure yana cewa a Potiskum ma ya samu kasuwa ke nan. Da ya ga ba ta ɗago kai ba sai dariyar ta tsaya.

Ta faɗa masa duka, tana murza bakin mayafi. Abin da Tanko ya kawo, abin da Gwaggo ta ce, da abin da ita ta ce. Har da zancen hotunan, wanda bai taɓa sani ba sai yau.

"Abu ɗaya nake roƙonka, Ya Abdul. In Baba ya tambaye ka, ka ce riƙe mini ka yi. Ka ce kai gashi kake yi."

"In ce ban iya ba?"

"Ai ba duka ne ƙarya ba. Kana gashin."

Ya kalli makullin mashin a hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take. Ya ce bidiyon nan ya kai Danchuwa tun kafin ya kai hannun Tanko. Inna ta sa an kunna mata shi har ba adadi, ta kira maƙwabta ta nuna musu, tana cewa ku ga hannuna a Indiya. In ya ce bai iya ba, ita ya ƙaryata.

"In kuma ka ce ka iya, ni ka tona," Rauda ta ce, hawaye na zuba. "Gwaggo ta ce ba za a yi ba tana raye, Baba kuma bai taɓa tsallake maganarta ba. Tanko yana nan yana jira kamar ungulu. Rana ɗaya ce, Ya Abdul. Magana ɗaya ce. In an ɗaura, ka toya duk abin da kake so a cikin gidanmu, wa zai gani?"

"Wa zai gani," ya maimaita. Sai ya ɗago ya dube ta. "Rauda, tsoron Gwaggo kike ji, ko kunyata kike ji?"

Ta ce tsoro ne, wallahi tsoro ne. Amma ba ta iya kallonsa ta faɗa ba. Gaskiyar ita ce duka biyun ne, kuma kunyar ta fi yawa. Tun da ta ji kiran samarin majalisa daga cikin gida take fatan da bai zo da rana ba.

Ta yi kuka sosai. Ta tuna masa alkawuransu, ta tuna masa ba ta da uwar da za ta tsaya mata, ta ce in ya ƙi to shi ne ya miƙa ta ga Tanko da hannunsa. Ba ta bar wata ƙofa ba. Shi kuwa tun a Indiya bai taɓa iya ganin hawayenta ya zauna lafiya ba, kuma ta san haka, da shi ta yi aiki.

"Shi ke nan. Zan faɗa."

Ya miƙe, har ya kai bakin zaure ya juyo, don sabo ba ya jin fushi. Ya ce ta jiƙa shinkafar tun da yamma, ta dafa kaɗan ta haɗa kafin a kai niƙa, kada ta cika yis. Ya ce tandar nan tana da wani hali, ramin da ke...

Gwaggo ta ƙwala mata kira daga cikin gida. Rauda ta ruga ba ta ji ƙarshen maganar ba.

*

Ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta sa aka ajiye mata kujera a ƙofar madafi, ta zauna da carbinta.

Ƙullun bai tashi yadda ya kamata ba. Rauda ta ƙara ruwan kanwa, ya koma wani launi. Ta ɗora tandar a kan gawayi mai ruruwa, ta zuba mai, ta zuba ƙullu. Kafin ta gama juya na gefe, na tsakiya ya yi baƙi. Ta kankare, ta sake zubawa, ya sake yi. Mai ya fantsamo mata a wuyan hannu, ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba. Da Gwaggo ta yi faɗa ma da sauƙi. Ita kuwa carbinta kawai take ja.

A ƙarshe Rauda ta tsince masu ɗan kyan gani, ta jera a faranti, duk inda ya ƙone ta kifa shi ƙasa. Ta ɗauka zuwa falon Alhaji.

Alhaji Muhammadu Lawan ba mai yawan magana ba ne. Rayuwarsa duka a cikin shanu ya yi ta, ya saba da kallon abu ya daɗe kafin ya taya. Yana zaune a kan darduma, Abdulrahim na gefe a durƙushe cikin farar shadda. Rauda ta ajiye faranti za ta fita, Alhaji ya ce ta zauna. Ta raɓe kusa da ƙofa. Gwaggo ma ta shigo ta samu wuri ba a gayyace ta ba.

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen Danchuwa da yadda damina ta yi, Alhaji ya gyara zama.

"Abdulrahim, an nuna mini wani hoto mai motsi. Ka iya tuya?"

Abdulrahim ya kafa ido a kan darduma.

"A'a, Baba. Riƙe wa Rauda na yi, ta tashi salla. Ni gashi nake yi."

Ga abin da ta roƙa, an ba ta cif. Amma ba ta taɓa jin muryarsa haka ba, ƙarama, kamar ta wanda aka kama da kayan mutane. Mutumin da ke tsayawa a bakin ƙofar masauki da kula a hannu yana gaisawa da kowa, yau ya kasa ɗaga kai, kuma ita ce ta sunkuyar da shi.

Alhaji ya ce to madalla. Ya tura farantin gabansa, ya ce bismilla, ga masar gwana.

Abdulrahim ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Da mai ci ne kawai, da baki zai kai. Shi kuwa sai ya juya ta ya duba ƙasanta, kamar yadda yake yi wa kowace masa da ta fito daga tandar nan. Baƙi ƙirin. Ya ɗan matsa ta da yatsa, ya girgiza kai.

"Ta ramin tsakiya ce. Ai shi ake fara juyawa, don ya fi cin wuta, in aka..."

Ya tsaya. Masar tana hannunsa.

Gwaggo ta tafa hannu ta fara cewa ai dama ramin ƙarya ƙurarre ne. Alhaji ya ɗaga mata hannu. Rauda ba ta taɓa ganin ya yi wa yayarsa haka ba.

"Yaro, hoton nan na kalle shi da idona. Hannun da ke juya masar nan ba na riƙon ƙwarya ba ne. Ban kira ka don in ji ko ka iya ba. Na kira ka ne in ji ko za ka faɗa."

Gwaggo ta ce ko ya faɗa ko bai faɗa ba, namiji dai ba ya tuya. Alhaji ya juya gare ta a hankali, ya tuna mata shekarun da yake raka shanu Kudu a bayan tirela, yana wata da watanni a zango. Ya ce ita da kanta take ƙulla masa kuka da daddawa da garin ƙosai a jaka.

"Wa kike tsammani yake kaɗa miyar, Yaya? Aljanu?"

Ta ce wannan ai tafiya ce, larura ce.

"Shi yaron a Danchuwa aka ɗauki hoton nasa?"

Gwaggo ta kawar da kai. Amma babu wanda ya ji daɗin nasarar, don Alhaji ya riga ya mayar da idonsa kan Abdulrahim. Ya ce da ya amsa da e, da yau ɗin nan za a tsayar da rana, kowa ya ce abin da zai ce. Amma 'yarsa zai bayar, ba saniya ba. Mutumin da zai dube shi ya musanta abin da hannunsa ya iya don tsoron bakin mutane, bai san me zai musanta gobe ba.

Nan Rauda ta kasa. Ta rarrafo tsakiyar falon, mayafi na zamewa, kuka ya ci ƙarfinta.

"Baba, ni ce. Wallahi ni ce na sa shi. Ya ƙi, na yi ta kuka har ya yarda. Duk hoton da na turo muku, ko ɗaya ba ni na dafa ba. Ban iya komai ba, Baba. Na kwanta ciwo a can, ban da wanda zai ba ni ko ruwan kunu, shi ya ciyar da ni har na tashi. Da masar nan na rayu. Ni ce na ji kunya, ba shi ba. Ni za ka hukunta."

Alhaji ya dubi farantin, ya dube ta.

"Zancen ba ki iya ba, masar ta riga ki faɗa." Bai yi murmushi ba. "Sauran kuma na ji. Hannun da ya ciyar da ke kika ji kunya. Ku tashi ku ba ni wuri."

Abdulrahim ya ajiye masar a gefen faranti, ya ce a yafe masa, Baba, ya gode. Ya fita da baya-baya, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Ta cim masa a zaure yana ƙoƙarin tura mashin. Ta riƙe bakin ƙofa, ta ce don Allah ya tsaya, ai ya ji, Baba ba tuyar ce ta dame shi ba, komai zai gyaru.

"Na ji," ya ce. "Shi ya sa ya fi ciwo."

Idanunsa sun yi ja, amma bai ɗaga murya ba. Ya ce bai ga laifin Baba ba, da shi ne ma haka zai yi. Abin da ke cinsa shi ne ya durƙusa gaban dattijo ya ƙaryata uwarsa, a kan abin da ko tambayarsa ba a yi don a hana shi ba. Ya ce yanzu da wane ido zai shiga Danchuwa Inna ta tare shi da zancen bidiyo.

"A can, a gaban kowa kike karɓar kula a hannuna, ba ki taɓa sunkuyar da kai ba. Sai da kika ƙoshi kika ga tawul a kafaɗata."

"Ka yafe mini, Ya Abdul. Don girman Allah ka yafe mini."

"Na yafe. Tun rannan na yafe, tun kafin in faɗa." Ya goge fuska da hannun riga. "Amma ƙafata ba za ta iya sake taka zauren nan ba. Kunya nake ji, Rauda. Da ban san ta a kan wannan abin ba, ke kika koya mini."

Ya tura mashin ɗin har waje kafin ya tayar. Daga majalisa wani ya kira mai masa, aka yi dariya. A da yakan ɗaga musu hannu. Yau ya sunkuyar da kai ya wuce, tana tsaye tana gani.

Da ta koma ciki, Gwaggo na ɗakinta a kan waya, muryarta har tsakar gida, tana gaida mahaifiyar Tanko da wata irin fara'a. Alhaji yana tsaye a ƙofar falo da hularsa a hannu, zai fita kasuwa. Ya kira ta. Ta zo ta durƙusa, ba ta iya kallon ko ƙafarsa ba.

Ya ce shi ba zai yi mata dole da kowa ba, bai yi wa yayyenta ba. Yaron kuma in ya dawo da ƙafarsa, ya zauna inda ya zauna ɗazu, ya faɗi gaskiya da bakinsa, to ya ba shi ita. Amma shi ba zai aika ba. Ita ma bai yarda ta ce masa Baba ya ce ba, ko da baki ko ta waya, don ba ya son gaskiyar da aka biya wa mutum kamar karatun allo.

"In kuma bai dawo ba, kada ki ce Tanko ne ya raba ku."

Ya sa hularsa ya fita.

Rauda ta daɗe a durƙushe a wurin. Sannan ta tashi ta shiga madafi. Tandar na nan kan gawayin da ya mutu, ramin tsakiya ya kama baƙi. Ta sauke ta, ta zauna a ƙasa ta kankare ta da cokali, ta wanke, ta shafe ta da mai kamar yadda ta sha ganin yana yi in ya kira ta a waya yana aiki. Ƙunar wuyan hannunta ta tashi ta yi ruwa, ba ta kula ba.

Da la'asar ta auno shinkafa ta wanke ta jiƙa. Gwaggo ta leƙo ta tambayi wa kuma za a ƙona wa, Rauda ta ce koyo za ta yi. Ba ta ɓoye fuska ba da ta faɗa.

Ta ɗauki waya. An hana ta faɗin abu ɗaya tilo da zai dawo da shi, ban-haƙuri kuma ta riga ta ƙarar da shi a zaure. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A ƙarshe ta bar abin da ya rage mata na gaskiya.

"Ya Abdul, na jiƙa shinkafa. Ban ji ƙarshen maganarka ba rannan. Ramin tsakiyar, yaya ake yi da shi?"

Ta tura. Alama ta nuna ya shiga, can kuma ta nuna ya karanta. Sai ga shi yana rubutu. Rubutun ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa.

A waje ta ji tsayuwar mota, ta ji sallamar Tanko a zaure, Gwaggo na amsawa da lale marhabin. Rauda ba ta tashi ba. Tana zaune a ƙasan madafi, tanda a gefenta, waya a tafin hannu, shinkafa kuma tana cikin ruwa.